Yaya Habu da Talgen Ƙarƙashin Teku

Muna sussukar dawa a Fagam aka bugo mini waya: dutsen da yayana Habu yake bincike a kansa, a wani tsibiri can gabashin duniya, ya yi aman wuta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Abokin aikinsa da ya tsira ya ce dutsen ya tsage da ƙara, garwashin duwatsu ya yi ta zubowa, toka mai zafi ta gangaro a guje, ta kakkarya itatuwa, ta binne Habu da gudumarsa a hannu. Ba a samu gawa ba.

Inna ta ce atafau ba za a shimfiɗa tabarmar gaisuwa a ƙofarta ba. "Ban ga likkafani ba, ɗana bai mutu ba." Mutane tun daga Birnin Kudu suka zo, ta mayar da su. Hadiza matarsa ta rasa ta shiga takaba ko ta jira. Wallahi na ji haushin Inna, na kuma ji tausayinta.

Taurin kan nan nata Habu ya gada. Yana yaro ya sha duka kan fasa duwatsun bayan gari, bai daina ba. Zuwansa na ƙarshe ya tsuguna gefen murhu, Inna na tuƙa tuwo, ya ce, "Aikina ke nan, Inna. Ƙasan teku ne ke nutsewa ƙarƙashin tsibiri da ruwansa, ruwan ya sa dutse ya narke. Narkakken ya taso tsararo, ya tarar da mai kauri a sama, su gauraya su zama talge. Tsararo gudu kawai yake yi. Talge ne ke riƙe tururi har ya fashe."

"To ka matsa daga tukunyar mana, ja'iri!"

Ya ce, "Dole wani ya leƙa, don mutanen gindin dutsen su san ranar gudu."

Jiya talge ya fantsamo wa Inna a bayan hannu, fatar ta saɓule. Ba ta yi ihu ba. Ta daɗe tana kallon ƙunar, sannan ta ce, "Ɗigo ɗaya ke nan fa." Ta ajiye muciya, ta juyo ta kira ni. "Sale, shimfiɗa tabarmar."

Ya Allah, Ka sanyaya makwancin Habu a ƙarƙashin tokar nan, Ka gafarta masa, Ka karɓi shahadarsa. Ka ba Inna da Hadiza haƙuri, Ka raya abin da ya bari. Amin.