Dawar da Aka Bari a Kwance

Na girma ban san baƙi ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci a majami'armu ta Zuru. Malamar tana da wata ɗabi'a: ka karanta shafi, ka rufe littafin, ka faɗi abin da ka karanta, sannan ka buɗe ka duba. Kullum sai in tarar na ƙara wani abu nawa. Littafi ya ce kare, ni na ce baƙin kare. Tun daga nan nake karanta shafi guda kowace safiya bayan shara, da yatsa a ƙarƙashin layi, in rufe, in faɗa, in buɗe.

Ranar da nake son ba da labari, damina ta sauka, ana noman fari. Matar ɗana ta haihu da jijjifi, haihuwa mai wuya, jini bai gama tsaya mata ba. Ungozoma ta ce kada ta motsa ko nan da can. Ɗan nawa soja ne, yana can inda aka tura shi.

Ina dama mata kunu na ji unguwa ta kaure. Mata na kiran yara, ana jan awaki. Sai ga ƙanen mijina, mai kabu-kabu, ya shigo da babur har tsakar gida.

"Matar yaya, aje ludayin nan! 'Yan bindiga sun taso ta hanyar Wasagu. Ɗauko mai jego mu hau dutse."

Ba wasa ba ne a wurinmu. Mun san mutanen da suka bar garuruwansu da kayan jikinsu kawai. Amma na san hanyar dutsen nan, ko mai lafiya sai ta jijjige masa hanji. Na leƙa ɗaki, na dubi zanen da ke ƙarƙashin mai jegon.

"Wa ya gan su?" na ce.

"Kowa ya sani! Sun fi ɗari."

"Wa ya ƙirga?"

"Kai, matar nan! Karatun tsufa ya taɓa ki. Ga shi a waya, da bakin mutumin."

Ya kunna mini. Muryar wani ce, yana haki, yana cewa a gudu. Bai ce ɗari ba, bai faɗi adadi ba sam. Wannan mutane suka ƙara, kamar baƙin karena. Na ce ya mayar da ita farko.

"Mama," in ji yarinyar daga ɗaki, murya can ƙasa, "ku ɗauki jaririn ku tafi, ku bar ni."

"Yi shiru, 'yata. Sake kunnawa, ƙanena."

Ya yi tsaki, ya kunna. Na runtse ido na bi maganar kalma kalma, kamar yatsana na kan layi. A tsakiya mutumin ya ce sun yanke dawa, sun bar ta a kwance a gona, sun gudu.

Na ce, "Dawarka ta kai ina yanzu?"

"Ko gwiwa ba ta kai ba. Me ya kawo..." Sai ya tsaya.

"To wace dawa aka yanke? Wannan maganar lokacin girbi ce. Tsohuwar murya ce aka sake turowa."

"In kuma sun zo fa? Ke za ki tare su da littafinki?"

Tsohuwar murya ba ta hana sabon tashin hankali. Na ce masa ya kira abokan kabu-kabunsa da ke bin hanyar, ya tambayi wanda ya gani da idonsa. Na farko bai ɗauka ba. Na biyu ya ce shi ma a waya ya ji. Ina riƙe da hannun yarinyar, ina jin unguwa tana yin shiru gida bayan gida, har kukan kaji ya fito fili. Na uku ya ɗauka, ya ce yanzu ya sauke fasinja daga Ribah, can wajen Wasagun, hanya lafiya lau, mutane na gonakinsu.

Ƙanen mijina ya zauna a kan turmi, ya share gumi. "Matar yaya, kunun nan na mai jego ne kaɗai?"

Kafin la'asar jinin ya tsaya. Maƙwabta suka dawo da awakinsu, wata mata ta gurɗe a ƙafa. Sai a lokacin na lura ludayin yana hannuna har yanzu, kunun ya bushe a jikinsa.