Tsagar Abdu Bagobiri

Ranar Talata da hantsi ina tsaye a warsha, wato garejinmu na Gubaira, ina duba wata mota, sai ga kiran matar Abdu. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Alhaji, abokinka ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan taya, ni da ma'aikatana ba su taɓa ganina a zaune lokacin aiki ba.

Shekara goma sha ɗaya Abdu Bagobiri yana yi mini fentin mota. Da jaka ɗaya na shigo Riyad, da wankin mota na fara, yau mutum tara ke cin abinci a ƙarƙashina, kuma ba na yabon mutum don kawai ya mutu. Abdu ya fi ni hannu. Mutumin ƙasar Maraɗi ne, da tsagar gado shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. In Balarabe ya ƙura masa ido, sai ya shafa fuskar ya ce, "Wannan ce iƙamata ta farko, takardar zaman ƙasa, kakana ya sa hannu, kuma ba ta ƙarewa."

In an tashi hutun azahar, mu mu kwanta, shi ya jawo littafinsa. Labari yake zanawa gida-gida, maganar kowa a cikin ƙawanya bisa kansa. Ba na yara ba ne. Akwai na matar da ta gyara hanci sau uku har ma'aikacin filin jirgi ya ƙi yarda ita ce a fasfo. Akwai na attajirin da aka zuƙe wa teɓa, ya koma gida matarsa ta ja mayafi tana zaton baƙo ne. Mukan yi dariya har da hawaye. Yakan ce mini, "Alhaji, mota ake yi wa ciko, don ba ta da uwa. Kyau shi ne a gan ka a san ɗan wa ne kai."

Mai wannan magana shi aka kashe da gyaran fuska.

'Yarsa Hafsa a nan aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Wata rana ta roƙe shi ya daina zuwa ɗaukarta a ƙofar makaranta, wai ƙawayenta suna tambaya ko kyanwa ce ta yakushi babanta. Yarinya ce, ba ta da laifi. Mai laifi wani ɗan'uwanmu ne Bahaushe a unguwar Ulaisha, mai sayar da man bilicin. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san shi. Shi ya ja Abdu zuwa wani ɗaki a hawa na uku, wurin wani da ko takardar allurar kaji ba shi da ita, aka kankare masa kumatu. Da wurin ya fara ruwa, mai man bilicin ne ya ce masa kada ya kuskura ya je asibiti, za a tambayi inda aka yi, a kama kowa har da shi.

Kwana tara Abdu yana zuwa aiki fuskarsa naɗe da shimag, rawanin nan na Larabawa. Na ce masa, "Kai Bagobiri, ka zama ɗan ƙasa ne ba mu sani ba?" Ya ce, "Haƙori ne, Alhaji." Na yarda. Ni da nake gane tsatsa a ƙarƙashin fenti daga nesa, na yarda. Ranar da ya faɗi aka kai shi asibiti, dafin ya riga ya shiga jini.

Ni na yi masa wanka. Abin da na gani ba zan faɗa ba, saboda 'ya'yansa za su karanta wannan.

Mai man bilicin ya zo zaman makoki. Ya sha shayi, ya miƙo mini hannu yana cewa, "Kwana ne ya ƙare, Alhaji." Na bar hannun a iska. Da yamma dattawanmu suka ja ni gefe. Babbansu ya ce, "Alhaji, a rufa asiri. In ka kai wa 'yan sanda, za su kwashe har bayin Allah da iƙamarsu ta mutu a benen nan." Na ce, "Baba, da rufin asirin nan aka rufe Abdu. Na ba su kwana uku su kwashe kayansu."

Matarsa ta ba ni littafinsa na ƙarshe. Ya zana matakalar, da ƙofar, da mai man bilicin yana murmushi da haƙorinsa na makka. A gidan ƙarshe ya zana kansa da fuska sumul a ƙofar makaranta, Hafsa tana tambayar ƙawarta wane ne wannan.

Kwana uku suka cika, na kai littafin inda ya kamata. An kama mai wuƙar. Dillalin, mai man bilicin nan, ya ɓuya. To, ya ji da kyau: na sa an ɗauki hoton kowane shafi, yana yawo a wayoyi daga Jidda har Kano da Maraɗi. Abdu bai taɓa zana mutum an kasa gane shi ba. Ba teburin mai shayin da zai zauna a kai. Ban yafe ba, kuma kada wanda ya sake zuwa roƙona.

Allah ka jiƙan Abdu, ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara, ka haskaka kabarinsa. Ka ba Maman Hafsa haƙuri, ka raya abin da ya bari. Ka cire wa Hafsa wannan nauyi daga zuciya, ba nata ba ne. Shi kuwa wancan, ya Allah, kada ka ɗauki ransa sai ya tsaya gaban alƙali ina kallonsa. Amin.