Anti Sannu da Kafaɗar Yayata

Kafin masu ciwo su fara jeruwa a bencin baranda, ita ta riga ta iso. Takan buɗe tagar ɗakinta, na ƙarshe a bayan ƙaramin asibitin unguwarmu, ta shimfiɗa wankakken zanen gado, ta tsoma kwalbar man tausa cikin kwanon ruwan ɗumi. Sai ta zauna ta duba faratanta, ta cire zobe da agogo ta jefa a jaka. Haka take fara ranarta tun ina 'yar makaranta, har zuwa wannan watan da za ta ajiye aiki. Kaɗan ne suka riƙe sunanta na yanka. Kowa Anti Sannu yake ce mata, don ba ta iya ɗora hannu a jikin mutum ba ta ce masa sannu ba.

Ni ta dalilin yayata na san ta. Yaya tela ce, da keken ɗinki take riƙe da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Kafaɗarta ta dama ta fara ciwo, ta share, har ta kai ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali. Ɗinki ya taru a shago, wasu suka gaji da jira suka kwashe yadinsu. Likita ya ba ta magani, ya ce sai an haɗa da tausa. Nan fa Yaya ta tubure. Ta ce ita ba za ta tuɓe a gaban baƙuwa ba, kuma ta ji an ce masu tausa murɗe mutum suke yi kamar wanki. Da ƙyar na ja ta, tana tafe tana mita.

Da muka shiga, Anti Sannu ba ta nuna mata gado ba, kujera ta ja mata. Ta tambaye ta yaushe ciwon ya fara, wane magani take sha, ko tana da hawan jini, ko an taɓa yi mata aiki, da wane gefe take kwanciya. Yaya tana amsawa a daƙile, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji kamar wadda ta shiga kasuwar ɓarayi.

Daga nan Anti ta zayyana mata duk abin da zai faru. Ta ce za ta fita ta ba ta wuri ta shirya, za a lulluɓe ta da zane, inda ake aiki kawai za a buɗe. Man zai zo da ɗumi. Za ta fara da shafa a hankali kafin ta danna. Akwai zafin da mutum zai ji kamar ana sosa masa inda ke ƙaiƙayi, wannan ba komai. Amma wanda zai sa a ɗauke numfashi ko a cije leɓe, ba a so a daure shi. Ta ce ciki na iya yin ƙugi, barci na iya ɗaukar mutum, kuma washegari wurin zai yi tsami kamar an yi aikin ƙarfi.

"Jikinki ne, ƙanwata," in ji ta. "Kika ce in tsaya, na tsaya. Ba sai kin ba ni dalili ba."

A nan ne Yaya ta ajiye jakar.

Yaya ta ce in zauna a ciki, don haka da idona na gani. Anti ta murza man a tafinta, ta faɗi inda za ta taɓa kafin ta taɓa. Tana bi daga wuya zuwa kafaɗa, tana tambayar ko ƙarfin ya yi yawa. Can sai na ga bayan Yaya yana rawa. Kuka take yi, marar sauti. Anti ta ɗaga hannu nan take.

"Zafi ne?"

Yaya ta girgiza kai. Sai da ta ja numfashi sannan ta ce, "Anti, tun da ya rasu babu wanda ya tambaye ni ina ke mini ciwo."

Kunya ta rufe ni, don ni ma cikin masu zuwa wurin Yaya da buƙata nake. Anti ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta kuma ce ta yi shiru ba. Ta ja zanen ta rufe mata kafaɗa, ta zauna a gefen gadon har kukan ya ƙare don kansa. Sannan ta tambaya ko a ci gaba. Yaya ta ce a ci gaba.

Anti ba ta yi mata alkawarin warkewa a rana ɗaya ba. Ta koya mata ta riƙa hawan bango da yatsu kullum, ta ce ta ɗaga kujerar ɗinkinta don ta daina duƙawa. Zuwa na biyu Yaya ta yi barci har da minshari, abin da take musantawa har gobe. Watanni suka shuɗe kafin hannun ya saki sosai, amma ya saki. Abu na farko da ta ɗinka da ta koma kan keke shi ne labulen da ke ƙofar ɗakin Anti.

Ba mu kaɗai ke da labari ba. Wata nas da ta daɗe a asibitin ta ba ni na wata mai sayar da kayan miya da ta zo da ƙafa a kumbure, tana roƙon a matsa mata. Anti ta duba, ta ji wurin da zafi, ta ce ba za ta taɓa ba sai likita ya gani. Matar ta yi fushi, ta ce wulaƙanci ne. Anti ta bar ta ta gama faɗanta, ta kama hannunta ta raka ta wurin likita da kanta. Ashe jini ne ya daskare a jijiya, irin wanda tausa za ta iya mayar da shi babbar matsala. Yau matar na nan a rumfarta.

Anti Sannu, ke ce mai tambaya kafin taɓawa. Ke ce kika san cewa wadda ta fara zuwa gabanki tana ɗauke da tsoro biyu, na ciwo da na kunya, kuma kika ɗauki na biyun da nauyi kamar na farkon. Mata nawa suka shiga ɗakinki a takure suka fito suna juya wuya suna dariya? Uwar masu gajiya, mun gode. Allah ya saka miki, ya hutar da ke yadda kika hutar da mu.

Ga masu tasowa a wannan sana'a da duk mai kula da marasa lafiya, ku yi koyi da ita: ku yi bayani, ku saurara, ku san inda aikinku ya tsaya. Mu kuma da muka amfana, kada gaisuwarmu ta ƙare ranar sallama. Shekarun danna jikin mutane sun ci manyan yatsunta, yanzu ko murfin kwalba sai an buɗe mata. Ku je gida ku gaishe ta. In kun kama hannunta, ku kama a hankali.