Faifan da Ya Yi Gadin Shinkafa

A shekarun farko bayan an ba mu jiha, ni ne mai kula da kwamfuta ɗaya tilo da ke laburaren makarantarmu a Birnin Kebbi. Ba don na fi kowa ilimi ba, ni kaɗai ne ba na tsoron taɓa ta, kuma ina ji da kaina a kan haka. Bayanan binciken kasuwanci a faifan CD suke zuwa mana daga waje, lokaci zuwa lokaci a aiko sabo. Mu kuwa da littafi muka saba: in sabon bugu ya fito, abin da ke cikin tsohon yana nan, har da ƙari. Haka na ɗauki faifai ma. Sabo na isowa sai in jefa tsohon a aljihun tebur.

Wata rana kawuna, manomin shinkafa a Argungu, ya leƙo ofis ya ga tsofaffin fayafayan suna walƙiya. Ya ce in ya rataya su a fadama, tsuntsaye ba za su kusanci gona ba. Na kwashe na ba shi, ina ganin na yi zumunci.

Akwai wata malama a sashen kasuwanci da ke binciken digiri na biyu. Tare muka samo mata rahotanni biyar a faifan shekarar da ta gabata, ta gina babi guda a kansu, amma ba ta rubuta inda suka fito ba, tunda na ce mata kullum suna nan. Saura mako ɗaya ta miƙa aikin, in babu madogara kuma sai wata shekara. Muka saka sabon faifai, muka nema, babu ko ɗaya. Sai a ranar na karanta 'yar takardar da ke zuwa cikin kwalin. Ashe kowane sabo yana zubar da tsofaffin shekaru don na yanzu su samu wuri. Kunya ta rufe ni.

"Malama, ki ba ni zuwa Litinin," na ce. "Na san inda suke."

Asabar da safe na shiga motar Argungu. Na tarar da su reras a igiya, suna juyawa a kan shinkafa.

"Mi za ka yi da su kuma?" in ji Kawu. "Wanga abu ya hi ni iya gadi, kai ko ka taho ka kwance man."

"Kawu, karatun wata baiwar Allah na ciki."

"Karatu? To tsuntsaye sun gama karance shi."

Ya yi ta dariya, amma shi ya kwance min da hannunsa.

Na wanke su da ruwa da tsumma mai laushi. Rana ta cinye yawancinsu, ɗaya kawai ya buɗe, shi ma yana tsalle. Muka ciro rahotanni uku. Na gaya mata gaskiyar inda suka kwana, ba ta yi dariya ba. Ta zauna nan gefena ta soke shafi bakwai da hannunta, aikin da ta yi wata biyu tana yi, ta miƙa sauran a kan lokaci, ta kuma ci.

Tun daga nan ba na saka sabon faifai sai na karanta abin da aka cire, tsohon kuma a kabad mai makulli yake kwana. Na koya wa duk wanda ya zo bayana, kuma na iya aikina, wannan ba na shakka. Amma malamar ba ta sake cewa in nemo mata komai ba.