Minti Biyu Kawai

Yayata, wadda muke kira Alƙaliya, ba ta taɓa taka ƙofar kotu ba. A bakin banɗaki ta sami sunan. Mu bakwai ne, banɗaki ɗaya, kuma kullum da safe kowa sai ya rantse minti biyu kawai zai yi. Tana 'yar shekara goma sha biyu ta kafa doka: wanda ya faɗi lokaci mafi gajarta shi ke fara shiga, amma in ya zarce abin da ya faɗa, sai ta rufe famfo daga waje. Na sha fitowa da kumfa a kunne, kuma har yau ban huce ba.

Da ta girma ta sami aiki a wata cibiyar bincike, a ɗaki mai sanyi kamar firij. Kwamfutoci ɗari biyu ke hannunta, wasu a bene, wasu a can wani gari, duk an haɗa su suna aiki tare. Masu bincike su turo lissafinsu, kowa ya rubuta awa nawa zai ci, ita kuma ta raba wa na'urorin. Gajeren aiki ake fara saka wa, don haka manyan malamai masu furfura suka koma shara ƙarya. Aikin kwana biyu sai a rubuta rabin awa. Layi ya cushe, kowa na zagin kowa.

Farfesa, shugaban wurin, ya kira ta. "Wata ɗaya na ba ki. In layin nan bai warware ba, sito za ki koma gadin karyayyun kujeru."

Ta shiga karance-karance, har ta faɗa kan wani fannin lissafi da ke nazarin yadda masu wayo ke yi wa juna wayo. Ta bugo mini waya tana dariya har da shaƙewa.

"Auta! Famfo ne! Wallahi famfona ne aka rubuta da manyan kalmomi!"

Ta sake tsari. Ka rage lokaci, na'ura ta datse aikinka daidai inda ka faɗa, ka koma ƙarshen layi. Ka ƙara lokaci don tsoro, ka daɗe kana jira. Ko ta ina ka ɓullo, gaskiya ta fi riba. Cikin mako biyu maƙaryata suka tuba, ba wa'azi ba bulala.

Saura kwana uku wa'adin ya cika, na'ura ta datse aikin Farfesa da kansa. Ya banko ƙofa, gilashi a goshi.

"Wa ya yanke mini aiki?"

"Ranka ya daɗe, awa ɗaya ka rubuta."

"To?"

"To awa nawa ne tsakani da Allah?"

Ta ce mini a lokacin har ta fara jin ƙanshin sito. Farfesa ya dubi allo, ya ga layi na tafiya sumul. Ya sosa ƙeya.

"Goma sha ɗaya," ya ce, can ƙasan maƙoshi.

Ta miƙa masa kujera, ya rubuta da hannunsa. Na'ura ta ajiye shi na goma sha tara, a bayan wata ɗaliba.

"Ba za a ɗan matso da ni ba?"

"Ba za a matso ba, ranka ya daɗe."

Ya fashe da dariya har gilashin ya faɗo.

"Zauna a kujerarki," ya ce. "Wanda duk na kawo nan in ba ke ba, tsorona zai ji."