Famfarar da Ta Makara

Ranar wata Asabar, a daminar shekarar da na shiga aji biyar, ƙanena Sani ya shigo tsakar gidanmu a Fadaman Mada da haƙori a tafin hannu, yana dariya. Ya yi famfara. Yaran gida suka raka shi ya wurga haƙorin kan rufin kwano, suna gargaɗinsa ya rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, sabo ya ƙi fitowa. Ni ina bakin murhu ina tankaɗe, na sunkuyar da kai. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma haƙorana na yarinta suna nan daram.

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Haɓata ƙarama, harshe ya cika mini baki, rake ma sai an yayyanka mini. A makaranta in ana 'yar gala-gala, ni ce mai riƙon takalma. Kaka ta ce jinin gida ne, ga Goggo Halima nan, ƙanwar Baba, haka ta girma 'yar mitsila da haƙora a cunkushe. Duk da haka Kaka ta sa ni hangame baki kullum gaban ƙadangarun katanga, wai tunda ganinsu na hana haƙori fitowa, ƙila ya sa nawa su zube. Kumatuna suka gaji. Ƙadangaru suka yi ta gyaɗa kai, shi ke nan.

Inna ce ta ƙosa ta kai ni asibiti. Likita ya duba bakina, aka ɗebi jini, ya ce wani abu a maƙogwarona da ke samar da sinadarin girma ne ba ya aiki sosai, kuma gado ne. "Hajiya, ƙwaya ɗaya kowace safiya, kada a tsallake," in ji shi.

Bayan watanni, ina tauna ɗanyar gyaɗa a gonarmu ta Inkil na ji ƙas. Na tofa, sai ga haƙori! Na ruga tsakanin kunyoyin gyaɗa ina ihu. Goggo ta yar da fartanya ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. "Buɗe in gani, 'yata," ta ce, tana dariya tana share hawaye.

Yau malama ce ni, ina wuni ina magana gaban aji. 'Yata tun tana jaririya aka gwada jininta aka fara ba ta magani, ta yi famfara tare da sa'o'inta, ba ta ɗauki abin a bakin komai ba. Goggo kuwa har ta koma ga Allah sai an jiƙa mata tuwo take iya ci. Ita ba wanda ya kai ta asibiti.