Jan Zakaran da Ya Ɓata Sunan Yaya Haruna

Shekara shida ke nan da muka binne Yaya Haruna a bayan garin Lyon, kuma har yau raina bai huce ba. An ce mini rubutun tunawa da mamaci addu'a ake cika shi da ita, sauran a yi shiru. Addu'a kam ina yi masa bayan kowace salla, ba sai jarida ta shaida ba. Abin da ya kawo ni nan sunansa ne, wanda mutanenmu suka ɓata yana raye, kuma ba wanda ya gyara shi bayan ransa.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mutanen Maraɗi. Shi ya riga ni zuwa Faransa, ya zauna unguwar Minguettes a gefen Lyon yana tuƙin bas, ni kuma na tare Montreuil kusa da Paris ina sayar da shadda da atamfa. Shekaru da yawa makullin ɗan masallacin unguwarsu a aljihunsa yake, shi ke buɗewa, shi ke shara. Sai hawan jini ya buge shi, hannun dama ya yi sanyi, baki ya ɗan karkace, tuƙi ya ƙare.

Matar da ke motsa masa hannu a asibiti ce ta ce ya nemi wani aiki mai wahalar da yatsu. Wani tsohon Bafaranshe da suka yi tuƙi tare, mutum mai tsananin son fatsa, ya kawo masa kayan ɗaurin ƙuda. Ga wanda bai sani ba, ƙugiyar kamun kifi ce ake naɗa wa zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, a jefa ta bisa ruwa kifi ya haɗiye. Mu da muka san fatsa da tana a tabkin Madarunfa, wa zai yarda kifi na cin gashin kaza?

Farkon koyon nan abin dariya ne da tausayi. Zare ya tsinke, ƙugiya ta soke shi, gashi ya watse a tebur. Ƙudansa na fari ya turo mini hotonsa a waya, kamar ragowar tsohuwar tsintsiya, na ce masa duk kifin da ya ci wannan makaho ne. Bai ji haushi ba. Wata uku yana fama har yatsun suka fara jin magana, ya koma ɓalla maɓallin rigarsa da kansa. In yana ɗauri yakan ƙirga naɗin zare a fili don kada ya ɓace, da bakin nan da ba ya fitar da kalma sosai. Yakan lashi yatsa ya kwantar da gashin, ya hura ya ga ko ya tsaya. Haka Bafaranshen ya koya masa.

Kuskurensa ɗaya ne. An ce masa gashin wuyan zakara ya fi kowane kyau, sai ya tuna zakarun gidanmu. Ya kira Alhaji Laminu, ɗan kasuwar unguwarsu mai zirga-zirga zuwa Maraɗi, ya roƙe shi ya taho masa da fatar wuyan jan zakara da gashinta, ja zur, babu sofane. Alhaji ya zo gida wai duba jiki, ya tarar da mutum duƙe kan jan zare, yana ƙulli, yana ƙus-ƙus, yana sa miyau yana hurawa. Tambaya ɗaya ta isa ta kashe maganar, amma Alhaji bai yi ta ba. Ya sha shayinsa, ya ce Allah ƙara sauƙi, ya fita da guzurin gulma.

Kafin sati labari ya iso mu Paris. Wai Haruna ya fid da rai da likita ya koma wa bokaye. Da ya ƙara kwana biyu sai ya zama wai asiri yake ƙulla wa wanda ya gaji motarsa. Dattawan masallaci suka karɓi makullin, wai don ya huta. A sahu kuwa, inda ake haɗa kafaɗa, sai aka riƙa bar masa fili dama da hagu. Mutanen da ya je tarba a tasha, ya ba su katifa da shinkafa lokacin da ba su san ko hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, su ne suka yi masa haka. Tir da wannan hali.

Kada a ɗauka ni na fita. Na hau jirgin ƙasa, awa biyu ina tafasa, ba don an zalunci wana ba, sai don abokan cinikina sun fara yi mini kallon ƙanen boka. Na same shi a teburin nan, ya miƙo mini wani sabon ƙuda yana murna, wannan karon har da fukafukai. Ban karɓa ba. Na ce masa na san kifi ne, amma ya tattara tarkacen nan, yana ja mana magana. Ya dube ni.

"Sani, na ɗauka ka zo ne ka gaya musu."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya zuba kayan a kwali a gabana. Na kwana ɗaya na koma ban taka masallacin ba. Daga nan hannun ya sake ƙagewa, ya daina fita jam'i, bayan shekara guda ciwon ya dawo ya tafi da shi. Ko sau ɗaya bai jefa ƙudansa a ruwa ba.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Duk shekara hotonsa na yawo a zauren wayar 'yan Maraɗi, ana rubuta bawan Allah mai haƙuri, kuma masu rubutun su ne masu matsawa a sahu. Watan jiya a wajen wani suna a Montreuil, wata Hajiya ta dubi 'yarsa Rakiya, wadda ta gama karatun haɗa magunguna, ta tambaye ta ko ita ce 'yar mai jan zakara. Rakiya ta ajiye farantinta ta fita. Na san shi, cewa zai yi a ƙyale su da Allah. Ni ba ni da wannan zuciyar, kuma ba na neman ta.

Makon jiya Alhaji Laminu ya kira ni. Bayan doguwar gaisuwa ya ce za su yi wa marigayi addu'a ranar Juma'a, yana so in zo. Na ce zan zo in zai tashi gaban jama'a ya ce abin da ya yaɗa ƙarya ne. Ya ce haba Malam Sani, a bar tone-tone, mamaci hutu yake so. Na ce masa shi dai ke son hutu, ba mamaci ba, na kashe wayar.

In na auna abin da ya rage na Yaya Haruna, ba gida ba ne, ba dukiya ba. 'Ya ɗaya ce mai mutunci, da ƙazafin da ke bin ta gidan biki. Don haka Juma'ar nan zan sauka Lyon. In an sallame zan miƙe kafin kowa ya ɗaga hannu, in ce musu mutumin nan hannunsa yake jinya da zare da gashin kaza, ba abin da ya ƙulla wa kowa, kuma na san haka tun ranar farko na yi gum. Zan kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, amma da nawa zan fara. Duk za su ji, har da Rakiya. Wanda ya roƙe ni in faɗa ne kaɗai ba zai kasance a sahun ba.